Azurfar Rasha Mai Yaudarar Ido

A cikin tsofaffin kayayyakin da akan kai gwanjo a biranen Faris da Liyon na ƙasar Faransa, akwai wani iri wanda sai mutum ya miƙa hannu ya taɓa kafin ya gaskata idonsa. Za a ga ɗan kwando na zuba burodi, saƙaƙƙe kamar da kaba, an shimfiɗa masa farin adiko mai geza, gefe guda ya ɗan lanƙwashe kamar yanzu uwargida ta ajiye shi. Wanda ya yi niyyar ɗaga adikon sai ya ji sanyin ƙarfe, domin da kwandon da adikon duk azurfa ce. Faransawa suna kiran irin wannan aiki trompe-l'œil, watau yaudarar ido. Wani mai zane, Louis-Léopold Boilly, shi ya laƙaba wa wani hotonsa wannan suna a Faris cikin shekarar 1800. Amma a fannin ƙirar azurfa, maƙeran Masko da Fitasbag su ne suka yi fice da shi, musamman daga wajen 1870 zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

Ba kwando kaɗai suka kwaikwaya ba. Sun ƙera akwatin taba wanda aka zana wa jijiyoyin katako, da kawunan ƙusoshi, har da takardar haraji ta gwamnati wadda akan manna a bakin akwati. Sun ƙera butar shayi da kofuna kamar an naɗe su da ɓawon itace, da mazubin sukari mai siffar buhu ɗaure da igiya. Har wa yau sun ƙera mazubin gishiri mai siffar lapti, watau takalmin da manoman Rasha kan saƙa da ɓawon itace saboda ba su da halin sayen na fata.

Aikin yana da matakai. Maƙeri yakan buga azurfa ta zama falle, ya yanka ta siri-siri, wani lokaci ya saƙa ta sosai kamar yadda ake saƙa faifai, wani lokaci kuwa ya fitar da siffar saƙar da guduma da ƙananan kurfi. Sa'an nan a shafa wa kwandon ruwan zinariya don ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. Adikon ya fi wuya. Sai an lanƙwasa fallen yadda ƙyalle kan kwanta, a bi shi da zane layi bisa layi, na tsaye da na kwance, har zaren saƙa ya fito, a fitar da adon bakinsa, a yi gezarsa da siraran wayoyi. Daga ƙarshe a kashe ƙyallin azurfar ta koma fari fat kamar wankakken lilin. Abin lura a nan shi ne, maƙerin farin ƙarfe ko'ina, har da na Kano, yakan goge azurfa ne don ta yi walƙiya, amma waɗannan sun ɓata kwanaki suna ɓoye walƙiyarta.

Me zai sa attajiri ya biya kuɗi mai yawa don azurfarsa ta yi kama da kayan talaka? Amsar tana cikin dangantakar Rasha da Faransa. Tun zamanin Sarki Bitrus Babba, wanda ya rasu a 1725, manyan Rasha suka mai da fuskarsu yamma. Faransanci suke yi a fada, kuma abin da ya fito daga Faransa shi ne abin yayi. A 1770 Sarauniya Katarina ta Biyu ta sa gidan maƙeran Roettiers na Faris ya ƙera mata kayan cin abinci na azurfa wajen guda 3,000, waɗanda ta bai wa Grigori Orlov. Alharinin da aka lulluɓe bangon waɗansu ɗakunan fadarta da shi kuwa a Liyon aka saƙa, bisa zanen Philippe de Lasalle. A wancan zamani Rasha mai saye ce, Faris da Liyon su ne masu gwaninta.

Bayan da Napoleon ya kai wa Rasha yaƙi a 1812 ya koma da ƙyar, sai masu ilmin ƙasar suka fara tambayar kansu, shin mene ne nasu na kansu? Da yawa suka ga cewa asalin Rasha yana wurin manomi, da bukkarsa ta katako, da saƙar matarsa, da al'adarsa ta tarbar baƙo da burodi da gishiri a bisa adiko mai ado. A 1861 Sarki Iskandar na Biyu ya 'yanta manoma fiye da miliyan 20 waɗanda a dā suke tamkar bayi, ɗaure da gonakin iyayengijinsu. A daidai wannan lokaci attajiran Masko suka bunƙasa, da yawansu kuwa jikokin manoma ne. Kwandon azurfa ya dace da su ƙwarai: yana nuna dukiya, yana kuma nuna cewa mai shi bai manta da tushensa ba.

Su kansu maƙeran daga cikin talakawa waɗansunsu suka fito. Pavel Ovchinnikov, wanda aka haifa a 1830, bawan gona ne na gidan Volkonsky. An tura shi Masko koyon sana'a, ya fanshi kansa, ya kafa masana'antarsa a 1853, har ta kai ga yi wa gidan sarauta aiki. Ivan Khlebnikov ya buɗe tasa a Masko a 1871, kuma sunansa ma daga kalmar burodi ta Rashanci ya samo asali. Gidan Sazikov ya girme su duka, domin tun 1793 aka kafa shi. Mutumin da ya tashi yana ganin takalmin ɓawo a ƙafar danginsa ba ya bukatar a kwatanta masa yadda saƙarsa take.

Wurin da ƙasashe kan gwada gwanintarsu a wancan ƙarni shi ne babban bajen koli na duniya, Faris kuwa ta karɓi baƙuncinsa a 1855, 1867, 1878, 1889 da 1900. A na 1867 Rashawa suka gina gidajen katako irin na ƙauyensu a tsakiyar filin, Sarki Iskandar na Biyu ya zo da kansa, maƙeran azurfarsu kuma suka baje kayansu kusa da na Faransawan da a dā suke saye a wurinsu. A bajen kolin Filadelfiya ta Amurka a 1876 azurfar Rasha ta burge jama'a, har kamfanonin Amurka irin su Gorham suka shiga ƙera farantai masu adikon azurfa. Da aka ƙulla ƙawance tsakanin Faransa da Rasha daga 1891 zuwa 1894, kayan Rasha suka ƙara shiga ran Faransawa. Sarki Nikolas na Biyu ya aza harsashin gadar Iskandar na Uku a Faris a 1896, aka buɗe ta a 1900, shekarar da Carl Fabergé ya nuna kayansa a bajen kolin, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma.

Mutanen Liyon sun fi kowa sanin darajar irin wannan dabara, domin su ma sun daɗe suna yaudarar ido, sai dai ta wata fuskar. Maƙeran Masko sun mai da ƙarfe kamar zare, masaƙan Liyon kuwa sun mai da zare kamar takarda da tawada. A 1839 aka saƙa hoton Joseph-Marie Jacquard, mutumin da masaƙar zamani mai aiki da katuna masu huji ta ɗauki sunansa. Sai da aka yi amfani da kati 24,000, kuma masu kallo da yawa sun ɗauka bugun ɗab'i ne. Masanin lissafi na Ingila, Charles Babbage, ya mallaki guda, kuma irin waɗannan katuna ne ya yi niyyar sarrafa injin lissafinsa da su, wanda ake ɗauka kakan kwamfuta. Tsakanin 1886 da 1887 kuma aka saƙa littafin addu'o'i sukutum da alharini a Liyon, haruffa da ado duka, aka nuna shi a Faris a 1889. A garuruwan biyu manufa ɗaya ce: a nuna cewa hannun ma'aikaci ya fi ƙarfin abin da yake sarrafawa.

Amma Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Sha'awar takalmin manomi a bisa teburin attajiri ba ta sa manomi ya sami takalmin fata ba. A 1917 juyin juya hali ya kawar da sarauta, masana'antun Ovchinnikov da Khlebnikov da Fabergé duk suka rufe cikin ɗan lokaci. An ƙwace azurfa mai yawa, an narkar da mai yawa, domin a wurin mai awo kwandon da aka yi wata guda ana saƙawa daidai yake da dunƙulen ƙarfe mai nauyinsa. Dubun dubatar Rashawa suka yi gudun hijira zuwa Faransa. Tsofaffin hafsoshi suka koma tuƙin tasi a Faris, waɗansu suka shiga aikin ƙarfi a masana'antar motoci ta Renault. Abin da iyali suka iya fita da shi a akwati shi ne jarinsu, sai aka riƙa sayar da kwandon burodi na azurfa don a sayi burodin gaske. Kantin A La Vieille Russie, wanda aka kafa a Kiyef a 1851, ya koma Faris bayan juyin, ya zama matattarar irin waɗannan kaya. Gwamnatin Sobiyet ita ma ta sayar da dukiyar fada a ƙasashen waje don neman kuɗin musaya, ta haka waɗansu daga cikin kayan Orlov suka komo garin da aka ƙera su. Suna cikin kayan gidan tarihi na Nissim de Camondo a Faris.

Yau mai saye a gidan gwanjo na Drouot a Faris, ko a takwarorinsa na Liyon, yakan juya kayan ne ya duba hatimin da ke gindinsa, domin kama da wane ba ta wane, kuma jabu ya yi yawa. Lamba 84 tana nufin kashi 84 cikin 96 azurfa ce tsantsa, watau 875 cikin 1,000. Hoton mahayin doki yana sukar dodo alamar Masko ce, ƙugiyoyin jirgin ruwa biyu a gicciye da sandar sarauta kuwa ta Fitasbag. Daga 1899 aka koma buga kan mace mai sanye da adon ka irin na matan Rasha. Kusa da su akan sami sunan maƙerin ko farkon haruffansa, a tsofaffin kaya kuma har da shekarar da aka gwada azurfar. Wani lokaci akan ga ɗan ƙaramin hatimin Faransa a gefe, shaidar cewa kayan ya ratsa hannun masu gwajin azurfa na ƙasar bayan isowarsa.

Kuɗin da ake biya a kan kwando mai sunan Ovchinnikov ko Khlebnikov ya ninka na nauyin azurfarsa sau da yawa. Bambancin da ke tsakani shi ne ladan maƙerin da ya zauna yana jan layi bisa layi har ƙarfe ya zama lilin. Wannan abin tunani ne ga duk ƙasar da ake kai tsofaffin mundaye da warwaro da kayan doki wurin mai narkarwa a sayar da su bisa ma'auni. Azurfar da aka narkar ana iya sayen wata a madadinta, amma aikin hannun da ya bi wuta ya tafi ke nan.