Mutanen Mai Wurno a Bakin Shuɗin Nilu

Ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Ingila suka afka wa garin Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗaruruwan mutanensa. Tun faɗuwar Sakkwato a watan Maris yake kan hanyar hijira, don ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, yana cikin waɗanda suka tsira. Shi ya tattara ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, ya ci gaba da nausawa gabas a ƙasa, da mata da yara da tsofaffi, niyyarsu Makka.

Wajen 1906 suka yada zango a Shaikh Talha, a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Daga baya suka haye kogin suka kafa gari kudu da Sinnar, garin da har gobe sunansa Maiurno, da sarkinsa daga zuriyar Bello. Zangon 'yan kwanaki ya zama gida. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun waɗannan mutane da alhazan ƙasa da suka biyo sawunsu ya tsinci audugar da Sudan ta daɗe tana ci da ita. Sun kama kifi, sun yi noma, sun buɗe makarantun allo. A'isha Falatiya, wadda iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito, tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a rediyon Omdurman, tana waƙa da Larabci da Hausa.

Sai ga doka. A 1948 hukuma ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897, dokar 1957 kuma ta riƙe wannan rana. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. Mutum an haife shi a Sinnar, an haifi ubansa a Sinnar, bai taɓa ganin kogin Rima da idonsa ba, amma in ya je neman takardar zama ɗan ƙasa sai a ce ya kawo shaidu. Wannan zalunci ne, kuma gyaran dokar da aka yi daga baya bai wanke shi daga zukata ba.

A 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta tasu. Aka ce baƙo ba ya da ƙasa. A watan Yuli rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye, aka kashe mutum fiye da 100, a Oktoba aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Dubban da aka kora daga gidajensu, Damazin da Sinnar da jihar Farin Nilu suka nufa, wajen danginsu.