Mabushin Kilarinet Da Ke Rubuta Wa Kansa Kiɗa

A al'adar kiɗan Turai, aiki ya daɗe da rabuwa biyu. Wani ne ke zama ya rubuta kiɗa a takarda, wani kuma ya ɗauki abin busa ya fitar da shi. Kilarinet, wato abin busan nan na baƙin itace da aka ƙirƙiro a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekarar 1700, ta sami martabarta ne ta wannan hanya. Mozart ya rubuta shahararren kiɗansa na 1791 saboda abokinsa Anton Stadler, shi kuwa Brahms ya riga ya yi niyyar ajiye alƙalami, sai busar Richard Mühlfeld ta dawo da shi fagen aiki a 1891.

Amma Jörg Widmann, wanda aka haifa a Munich a 1973, ya haɗa ayyukan biyu a hannu guda. Yana da shekara 20, a 1993, ya rubuta wani kiɗa mai suna Fantasie don kilarinet ita kaɗai, ba ganga, ba goge. Da farawa sai mabushi ya fitar da sautuka da yawa a lokaci ɗaya daga abin da aka ƙera don sauti guda. Wanda bai san kilarinet da leɓɓansa da yatsunsa ba, da wuya ya yi tunanin irin wannan, balle ya rubuta shi. A kiɗan zamani har ƙarar maɓallan da hucin numfashi kan zama sashen kiɗa. Wasu mabusan kuma sun koyi jan iska ta hanci alhali busa ba ta yanke ba, dabarar da masu algaita a fadojin sarakunanmu suka daɗe da ƙwarewa a kanta.

To, sai dai akwai haɗari. Kiɗan da mutum ya auna da yatsunsa kan iya mutuwa tare da shi, in ba wanda zai iya maimaita shi. Tarihi cike yake da gwanayen da aka manta da rubutunsu. Fantasie kam ta tsallake wannan rami, domin ɗaliban makarantun kiɗa a ƙasashe da dama sun ɗauke ta, suna gwada ƙwarewarsu da ita. Widmann da kansa ya koyar da busar kilarinet a Freiburg tun daga 2001, kafin a naɗa shi farfesan tsara kiɗa a Berlin a 2017.