Ranar Da Kotu Ta Ce Gidajen Kason Kaliforniya Sun Cika

A cikin shekara ta 1995, wani tsohon soja mai suna Leandro Andrade ya shiga kantuna biyu a jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, ya saci kasat tara na bidiyo waɗanda kuɗinsu duka bai kai dala 154 ba. Da yake an taɓa kama shi da fasa gidaje, alƙali ya yanke masa hukuncin da ba zai iya neman sassauci ba sai ya cika shekara 50 a kaso. Magana ta kai har Kotun Ƙoli ta ƙasa, kuma a 2003 ta ce hukuncin yana bisa doka.

Dokar da ta ci shi ita ce wadda jihar ta kafa a 1994, ana ce mata dokar laifi uku. A wancan lokaci, duk wanda aka taɓa kamawa da manyan laifuka biyu, in ya sake na uku, ko da ƙarami ne, sai ya yi shekara 25 aƙalla, wataƙila ma har ƙarshen ransa. Ba ita kaɗai ba ce. Tun daga shekarun 1970 majalisun jihohin Amurka suka dinga tsananta hukunci, musamman game da miyagun ƙwayoyi, suna ɗaure hannun alƙalai don kada su sassauta. A 1972 mutanen da ke manyan gidajen kason ƙasar ba su wuce kamar 200,000 ba. A 2009 sun haura miliyan ɗaya da dubu 600, in kuwa aka haɗa da na ƙananan kasuna na gundumomi, lissafi ya kai wajen miliyan biyu da dubu 300.

Kaliforniya ta yi ta gini. Tsakanin 1984 da 2005 ta buɗe sababbin gidajen kaso fiye da 20, har suka zama 33, amma gini bai cim ma kamu ba. Wuraren da aka shirya domin mutum ƙasa da 80,000 suka ɗauki wajen 156,000. A 2006 gwamna Arnold Schwarzenegger da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda cunkoso, aka fara kai ƴan kaso haya a gidajen kamfanoni a wasu jihohi.

Abin da shaidu suka bayyana gaban alƙalai yana da wuyar ji. An mai da zaurukan wasanni ɗakunan kwana, aka jera gadaje hawa biyu da hawa uku, mutum har 200 a zaure guda, gardi biyu ko uku suna tsaron su. Akwai inda mutum 54 suke amfani da makewayi ɗaya. Masu taɓin hankali da ake tsoron za su kashe kansu, da yake babu gadon asibiti, sai a sa su cikin wani akurkin ƙarfe wanda bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba. Wani likita ya ba da shaida cewa ya iske wani a irin wannan akurki, ya yi kusan awa 24 a ciki, yana tsaye cikin fitsarinsa, ba ya ko amsa magana. Alƙalin da ya binciki al'amarin jiyya ya tabbatar cewa kowane kwana shida ko bakwai ana rasa ɗan kaso guda wanda, da ya samu kulawa, da bai mutu ba. Waɗannan mutane fa ɗauri aka yanke musu, ba kisa ba.

Ƙara biyu ne suka jawo maganar fili. Ta farko an shigar da ita a 1990 a madadin masu taɓin hankali, ta biyu a 2001 game da jiyyar marasa lafiya. Shekara da shekaru kotu tana ba da umurni, hukuma tana alkawari, ba abin da ya sake. Daga baya aka gane cewa ko an ɗauki likitoci nawa, muddin babu ɗakin da za su duba mutane, kuma babu gardin da zai raka maras lafiya, aikin banza ne. Saboda haka a 2009 wasu alƙalai uku suka ce a rage mutanen, kada su wuce 137 da rabi a wurin da aka gina domin 100. Ashe har a wannan hukunci ba a nemi kowa ya samu wurin da aka yi masa ba. Rage matsi kawai aka nema.

Jiha ta ɗaukaka ƙara. Ran 23 ga watan Mayu na 2011 Kotun Ƙoli ta yanke, biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda shi ma ɗan Kaliforniya ne, ya rubuta cewa hana ɗan kaso magani ya saɓa wa tsarin mulki, wanda tun 1791 ya haramta azaba ta rashin imani. Har hotunan zaurukan da na akurkin ya liƙa a takardar hukunci, abin da ba a saba gani ba a wannan kotu. Waɗanda suka ƙi ba su ɓoye tsoronsu ba: mai shari'a Samuel Alito ya ce sakin mutum 46,000 daidai yake da sakin runduna uku ta soja cikin gari, kuma jama'a ce za ta sha wuya.

Ba a buɗe ƙofofi an ce kowa ya kama gabansa ba. Gwamna Jerry Brown ya kawo doka a 2011 wadda ta sa masu ƙananan laifuka su riƙa zaman hukuncinsu a kasunan gundumomi. Manyan gidaje suka ɗan sarara, amma ƙananan suka cika, wasu suka ce an gudu ba a tsira ba. Sai jama'a suka sa baki da ƙuri'a. A 2012 suka sassauta dokar laifi uku, aka ce sai na ukun ya zama babba. A 2014 suka mai da satar abin da bai wuce dala 950 ba, da riƙe ƙwaya don shan kai, ƙananan laifuka. Sai a farkon 2015 jihar ta sauko ƙarƙashin iyakar da kotu ta sa. A 2020, lokacin annobar korona, ƴan kasonta suka kasa 100,000, har daga baya aka rufe wasu gidaje.

Akwai abin da ragin bai taɓa ba. A 2017 baƙar fata ba su kai 6 bisa 100 na mazajen jihar ba, amma sun wuce 28 bisa 100 na mazan da ke ɗaure.

Ra'ayin jama'a kuma ya sake juyawa. Ƴan kasuwa suka yi ta kukan sata a kantuna, iyaye suna kukan ƙwayar fentanil da ke kashe matasa. A watan Nuwamba na 2024 masu zaɓe, fiye da kashi biyu bisa uku, suka amince a sake tsananta hukuncin wanda ya maimaita sata ko laifin ƙwaya. A wannan rana kuma aka tambaye su ko a hana tilasta wa ƴan kaso aiki, suka ce a'a.