Ganɗoki da Kanar Cantwell: Tsufan Soja a Cikin Littafi

Tsakanin 1967 da 1970 rundunar sojan Nijeriya ta tashi daga mutum wajen 10,000 zuwa kusan 250,000. Cikin kuratan da aka ɗiba akwai 'ya'yan manoma daga ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Dutse, Birnin Kudu da ƙasar Buji. Saurayin da ya sa kaki yana ɗan shekara 20 a farkon yaƙin basasa, yau ya doshi 80. Irinsu ne ake kira 'yan mazan jiya, ake tunawa da su ran 15 ga Janairu, sannan a bar su da zaryar tantancewar fansho. Labarin yaƙinsu yana nan a littattafan tarihi. Na tsufansu fa, wa ya rubuta?

Ba wai adabin Hausa bai san tsohon mayaƙi ba. Tun a gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya kawo Ganɗoki, aka buga shi a 1934. Ganɗoki barde ne na Kwantagora a zamanin Ibrahim Nagwamatse. Ya gwabza da Turawa lokacin da suka ci garin a 1901, ya bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903, daga nan labarin ya bar tarihi ya faɗa duniyar aljanu, inda shi da ɗansa Garba Gagare suka yi ta cin nasara. Littafin bayan yaƙi ne sosai, domin marubucin ya san abin da aka rasa, shi ya sa ya nema wa gwarzonsa fagen da igwa ba ta isa. Amma Ganɗoki ba ya tsufa a zuci. Ba ya ciwon gwiwa, ba ya kwana da tunanin wanda ya mutu a gefensa. Kirari yake yi, mu kuma muna jin daɗi.

Shekara 16 bayan haka, marubucin Amurka Ernest Hemingway ya fitar da Across the River and Into the Trees a 1950, ya kama tsohon soja ta inda Bello Kagara ya kauce. Kanar Richard Cantwell ɗan shekara 50 ne, ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, hannunsa ɗaya ya nakasa, zuciyarsa kuma ta gaza har yana yawo da ƙwayoyi a aljihu. Ya taɓa zama janar aka rage masa muƙami. Abin da ya fi cin ransa shi ne dajin Hürtgen a Jamus, inda a 1944 ya bi umarnin manya ya tura yaransa, aka karkashe su. Labarin gaba ɗaya 'yan kwanaki ne: ya baro Trieste ya zo birnin Venice na Italiya don farautar agwagwa da ganin Renata, 'yar gidan sarauta wadda ba ta cika 19 ba. Ya yi farautar, ya kama hanyar komawa, ajali ya riske shi a kujerar bayan mota.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin dattijo ɗan 50 da ke neman budurwa ba. A wajenmu wannan ba labari ba ne. Abin lura shi ne abin da Cantwell yake nema wajenta. Aure ba ya cikin lissafi, su biyun sun san kwanansa ya ƙare. Kunne yake nema. Ita ke matsa masa ya ba ta labarin yaƙi, wai ko ya amayar da ɗacin kafin ya mutu, shi kuma yana kiranta 'yarsa, yana zagin janar-janar, yana lissafa kurakuransa. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake: mutumin da ya saba ba da oda ya gano cewa bai da wanda zai gaya wa abin da ya gani, sai yarinyar da ba ta taɓa jin ƙarar harsashi a fagen daga ba.

Littafin yana da aibu, kuma masu sharhi ba su raga masa ba lokacin da ya fito. Renata ba ta yi kama da mutum ba, ta fi kama da mafarkin tsoho. Shaye-shaye da hirar otal sun cika shafuka, abin da zai gundure Bahaushe ko ya ɓata masa rai. An kuma ce marubucin kansa yake zanawa, tunda shi ma an ji masa rauni a bakin kogin Piave a 1918, yana direban motar ɗaukar majinyata, kuma daga baya ya ƙyalla ido kan wata budurwa 'yar Venice. Sai da The Old Man and the Sea ya fito a 1952 sannan sunansa ya farfaɗo, har ya sami kyautar Nobel a 1954.

Mu ma muna da mutanen da za su cika irin wannan littafi. Dubban 'yan Arewa sun je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙar Maraba da Soja. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙin, ya rubuta Burma Boy a 2007, amma da Turanci, kuma jaruminsa yaro ne a tsakiyar daji, ba tsoho a zaure ba. Littattafan soyayya na Kano kuwa, in soja ya shigo cikinsu, galibi hafsa ne matashi, kyakkyawa, mai mota. Ba a cika ganin kofur mai ritaya ba, wanda ya koma noman gero da gyaɗa, ya yi amarya bayan rasuwar uwargida, yana firgita cikin barci, amaryar ba ta san dalili ba, shi kuma kunya da "namiji ba ya kuka" sun ɗaure masa baki.

'Yan Bama kusan duk sun kwanta dama. Na yaƙin basasa suna raguwa kowace damina. A bayansu kuma ga waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, da waɗanda ke dajin Borno tun 2009, su ma furfura ta fara kama wasunsu.