Yadda Muke Koyon Gyaran Hoto a Waya

Wasunku sun tambaye mu me ya sa hotunan da muka manna a wannan allo a zangon da ya wuce suka fito fari fat kamar an barbaɗa musu gari, amma na yanzu suka fito tas. Dalili shi ne mun fara koyon gyaran hoto.

Ba mu da kyamara. Wayar malamin kulob muke ara, sai wani mai hoto a nan Bacirawa da yake nuna mana aiki ranar Asabar. Shi da Photoshop yake aiki a kwamfuta. Wa da ƙani ne 'yan Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fito da ita a 1990. Sai an biya kuɗi, kuma sai da wuta. Mu Snapseed muke amfani da ita, ta Google ce, kyauta ake sauke ta a waya.

Abin da ya fara nuna mana shi ne hoton waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana, ana ce musu fiksel. Ku yi ta buɗa hoto da yatsu biyu, za ku gan su. Gyara ba komai ba ne illa canza haske da launin waɗannan ɗigon. Hoton da hannu ya girgiza ya fito dishi-dishi, sai dai a sake ɗauka.

Hotunanmu na baya a cikin hazo muka ɗauke su. Ƙura tana disashe launi. Maganinta a ƙara bambanci tsakanin wurin haske da wurin duhu, kaɗan-kaɗan, har shuɗin yunifom ya dawo. Da tsakar rana kuma inuwar hula ko hijabi tana rufe ido, sai a ɗaga hasken inuwar kawai. Ya fi sauƙi ma a tsayar da mutum ƙarƙashin darbejiya tun farko.

To, ga inda muka yi kuskure. Wata 'yar kulob ɗinmu tana neman fasfo na rajistar jarrabawar aji uku, muka ce mu za mu yi mata kyauta. Muka goge ƙuraje, muka goge tabon da ke goshinta, muka haska fatarta, muna ta murna mun iya. Da ta kai gida mahaifiyarta ta duba ta ce, “Wannan 'yar waye?” Hoton bai karɓu ba, domin ranar jarrabawa da shi za a gane ita ce. Sai da ta je ta biya kuɗi aka sake mata wani. Gaskiya mun ji kunya. Mai hoton ya ce a fasfo bango ake sharewa, a daidaita haske, fuska kuwa ba a taɓa ta.

Har yanzu muna gardama a kan hoton Sallah, wasu sun ce a nan babu laifi a ɗan ƙara kwalliya. Amma hoton labari da za mu manna a wannan allo, mun amince yanke gefe da gyara haske kawai za mu yi. Muna kuma ajiye hoton asali kafin mu taɓa shi.

Mai turo mana hoto ta WhatsApp ya turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse shi, in an wanke sai ya farfashe. Mai son koyo ya ba sakataren kulob sunansa kafin ranar Alhamis. Waya ɗaya ce, mutum shida kawai za mu iya ɗauka.