Yisti da sirrin "injin wuta" na jikinmu

Yistin da ke kumbura burodi da fanke ya koya wa masana yadda ƙwayar halitta ke samar da ƙarfi. A cikin ƙwayar akwai mitokondiriya, ɗan injin da ke mayar da sukari makamashi da taimakon iskar da ake shaƙa. Injin yana da nasa DNA, amma a yisti manyan furotin takwas kaɗai yake ƙerawa. Sauran kusan dubu daga cibiyar ƙwayar suke zuwa.

Ko takwas ɗin ma ba ya ƙera su sai da izini. Cibiyar na aiko da wasu furotin masu buɗe hanya: Pet111 don Cox2, Pet309 da Mss51 don Cox1. Mss51 na da dabara: da zarar an ƙera Cox1 sai ya manne masa, ba zai sake shi ba sai sauran sassan sun haɗu. Muddin yana riƙe, ƙera sabon Cox1 na raguwa, don kada kayan da ba su da abokan haɗi su taru su cutar da ƙwayar.

Yisti ya dace da wannan bincike domin yana rayuwa ko injinsa ya mutu, kamar yadda Boris Ephrussi ya nuna a Paris a 1949. Mutum ba shi da wannan gata. A 2009 aka gano cewa lalacewar TACO1, mai buɗe hanyar Cox1 a jikin ɗan Adam, na haddasa cutar Leigh da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara.