Hasken tsakar gida a Damagaram: daga alkuki zuwa farantin rana

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni ko na Zango bayan sallar lisha'i cikin watan Afrilu, ya san inda Damagarawa suke kwana. Zafin rana yakan wuce digiri 40, bango da kwano su riƙe shi har tsakar dare, ɗaki ya gagari mai shi. Sai a fito da tabarmi da katifu tsakar gida. A nan ake cin tuwon dare, a nan ƴan lakwal ke bitar darasi, a nan uwargida ke ƙulla gyaɗar da za a kai talla da safe. To amma abin mamaki, maigida yakan kashe miliyoyin sefa wajen gini, ya zaɓi fenti da ƙofofin ƙarfe da kansa, sa'an nan ranar tarewa ya kira mai gyaran kuran ya ce a maƙala ƙwai guda mai ƙarfi a saman bango, shi ke nan magana ta ƙare.

Ƙwai guda irin wannan yana kashe idon wanda ya dube shi, yana kuma jefa baƙar inuwa a bayan randa da ƙarƙashin bedi da kan hanyar makewayi, wato daidai wuraren da kunama ke laɓewa a garin da duwatsu suka yi wa yawa. Yaron da ya ba shi baya yana karatu, inuwar kansa ce ke rufe masa littafi.

Abin da magabata suka sani

Maginan da suka gina fadar Damagaram da ganuwar Birni zamanin Sarki Tanimun, a tsakiyar ƙarni na 19, ba su san lantarki ba, amma sun san inda ake aje fitila. A tsoffin gidajen ƙasa akan bar ɗan gurbi a jikin bango, wanda ake kira alkuki. A ciki ake ɗora fitilar aci-balbal, mai lagwanin auduga da man gyaɗa ko man kaɗanya. Gurbin na kare wutar daga iska, yana hana yaro ture ta, yana kuma maido da hasken wajen mai buƙata. Da fitilar ƙwai mai shan kananzir ta shigo zamanin Turawa, lokacin da Damagaram take babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, ƙa'idar ba ta sake ba: ƙaramar fitila, kusa da aiki, ƙasa da ganuwar gida.

Dalili kuwa shi ne tsarin gidan Bahaushe kansa. Zaure na baƙi ne, shigifa ce ke tare idon mai wucewa, tsakar gida kuma ta iyali ce. Hasken da ya dace shi ne wanda ya bi wannan tsari daki-daki.

Wurare huɗu, fitilu huɗu

Na farko ƙofar gida. Ana son fitila mai murfi a samanta, tsayin kamar mita biyu da rabi, tana kallon ƙasa, domin a ga fuskar mai sallama ba tare da an kashe masa ido ba. Gidan da ke da zane a fuskarsa, irin wanda ya sa aka shigar da tsohon Birni cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, ya fi kyau a haska shi daga gefe, kusa da bango, don tudu da kwarin zanen su fito. Hasken da ya doke shi gaba da gaba yana shafe shi ne.

Na biyu madafi. Mai girki na buƙatar ta ga cikin tukunya da bakin wuƙa, saboda haka fitilar ta kasance a gabanta ko a gefenta, nesa da hayaƙin murhu da ke dusashe gilashi.

Na uku hanyar makewayi da wajen randuna ko pampo. Nan ƙananan fitilu ake so, a ƙasa-ƙasa wajen gwiwa, masu haska inda ƙafa za ta taka. Su ne ke kwana a kunne, su ne kuma tsofaffi da masu alwallar asuba suka fi mora.

Na huɗu wurin zama, ƙarƙashin rumfa. Haske mai laushi ya isa hira, amma ɗan makaranta a ba shi tasa fitilar ta kan tebur. Kowace fitila kuma ta samu makunninta dabam, don a iya kashe wadda ba a buƙata lokacin kwanciya.

Launi da lissafi

A kasuwar Dole, mai saye yakan tambayi wat nawa ƙwai yake. Wat kuwa abin da ƙwan ke ci ne. Abin da yake bayarwa ana auna shi da lumen, kuma a rubuce yake a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da lumen wajen 800, ƙwan LED na wat 9 ma haka. Irin wannan fitila ta samu ne bayan binciken Akasaki da Amano da Nakamura, ƴan asalin Japan da aka ba kyautar Nobel a 2014. Ga lissafi mai sauƙi ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata: tsoffin ƙwai biyar, awa shida kowane dare, kwana talatin, kilowat 54 ke nan a faktir. Na LED biyar kuwa kilowat 8 ne da ɗan ɗoriya.

Akwai wata lamba kuma da ba a cika dubawa ba. Ƙwan da aka rubuta wa 6500 K haskensa fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, wanda aka rubuta wa 2700 K ko 3000 K kuwa mai ruwan ɗorawa ne. Mutane da dama sun fi son farin, suna ganin shi ya fi ƙarfi. Sai dai ƙwarin dare sun fi ruguwa wajen haske mai shuɗi, kuma shi ne ya fi hana ido barci. Wanda ya taɓa cin tuwo da damina ƙarƙashin farar fitila, gina da cinnaka na faɗa masa cikin miya, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Mai ruwan ɗorawan kuma shi ya fi karɓar jan bangon ƙasa.

Fitilar waje dole ta jure ruwa da ƙurar hunturu, wadda aka yi wa alamar IP65 ta dace. A nisanta ta da bakin indararo, a sa waya cikin tiyo, kada a bar haɗi a fili inda ruwan sama ko hannun yaro zai kai. Araha ba ta ado, balle a wurin kuran mai volt 220.

Ranar da wuta ta ɗauke

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, kuma a 1994 aka ja babban layi daga Katsina ta Gazawa domin ba Maraɗi da Damagaram wuta. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Watannin nan sun koya wa magidanta cewa gidan da ya dogara ga waya guda, dare guda ke jefa shi cikin duhu. Mai hali ya tayar da gurup, ya sha tsadar mai, maƙwabta su sha ƙara.

Alhali kuwa tun da daɗewa marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci ofishin ONERSOL na binciken makamashin rana, ya rasu a 1991, yake nuna cewa arzikin Nijar na bisa kanta. Ƙwai huɗu na wat 5, awa biyar a dare, farantin rana guda na wat 50 da batir mai kyau sun ishe su har da rara. Sharaɗi uku ne: farantin ya kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 15, a riƙa share masa ƙura musamman da hunturu, batirin kuma a aje shi a inuwa, don zafi ne ke kashe shi da wuri. Fitilun hanyar makewayi da na ƙofa su ya kamata a fara ɗorawa a kansa.

Haƙƙin maƙwabci

Saura magana guda, wadda ta fi kuɗi nauyi. Benaye sun yawaita a sababbin unguwanni, kuma tsoron ɓarayi ya sa wasu na kafa manyan fitilu a ƙololuwar gini suna kallon waje. Hasken ya tsallake katanga, ya sauka tsakar gidan maƙwabci inda matansa da ƴaƴansa ke kwance saboda zafi. An yaye wa mutum suturarsa, an hana shi barci, shi kuma kunya ta hana shi magana. Da irin haka zumuncin shekaru ke yin tsami. Ga shi kuma fitila mai kashe ido mai gadi take makantarwa, ɓarawo ya samu inuwar fakewa. Maganin ba shi da tsada: a sauko da ita ƙasa da katanga, a sa mata murfi, a sunkuyar da kanta, ko a sayi irin wadda ke kama kanta in ta ji motsi.

Kafin maigida ya biya mai gyaran kuran ladansa, yana da kyau ya jira dare, ya kunna fitilunsa duka, ya fita ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa ya duba. In hasken ya tsaya cikin gidansa, aiki ya yi.